Kamfanin haɗa mota ko masana'antar kayan gyara: a ina aikin yake?

Injiniya Bashir:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk sanda aka ce za a buɗe kamfanin haɗa motoci a wata jiha, sai ka ji ana murna wai samari sun samu aiki. Ni kuwa ina ganin ba can aikin yake ba. Mota ɗaya, in aka ƙirga har da kusoshi da notina, akan ce sassanta sun kai kamar 30,000. Haɗa su shi ne matakin ƙarshe, kuma shi ya fi buƙatar mutane kaɗan. Yawancin abin da muke kira haɗa mota a ƙasar nan, motar ce ke isowa cikin kwantena an riga an yi mata walda da fenti, injinta a haɗe, sai a ɗaura taya da kujeru da batir. Mutum nawa wannan zai ɗauka? Aikin yana wurin wanda ya ɗinka kujerar, da wanda ya yi batirin, da wanda ya naɗa wayoyin, da wanda ya yanka gilashin, kuma duk waɗannan suna Chana da Indiya da Turkiyya. To me zai sa a riƙa yin su a nan? In kuma an fara, wa za a ɗauka?

Baba Ɗanladi Kakuri:
Wa'alaikumus salam. Injiniya, abin da kake tambaya ai an taɓa yin sa, a idonmu. An kafa kamfanin Peugeot na Kaduna a 1972, ya fara fitar da mota a 1975. A shekarun nan kamfanoni shida gwamnati ta kafa da Turawa: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, na manyan motocin Fiat a Kano, sai ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Inugu. Ni ban yi aiki a cikin kamfanin motar ba. A wani ƙaramin kamfani nake, muna yin kujeru muna kai musu. Mu kaɗai muna da masu yanka soso, da teloli, da masu lanƙwasa bututun ƙarfe, da masu walda, da masu fenti, da direbobi. Ga masu yin batir a Ibadan, ga masu taya a Legas da Fatakwal. In aka tashi daga aiki da yamma a Kakuri, mu da ma'aikatan masaƙu, hanya ba ta biyuwa saboda kekuna.

Abin da ya riƙe mu kuwa abu ɗaya ne: mun san mota nawa za a haɗa a wata mai zuwa. Gwamnati na sayen Peugeot 504, sojoji na saye, bankuna na saye, ma'aikaci na karɓar bashin mota. Saboda haka maigidanmu bai jin tsoron ɗaukar yaro ya koya masa aiki. Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 naira ta faɗi, kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, ma'aikaci ya kasa sayen sabuwar mota, sai tokumbo ta cika gari. Mu ƙanana mu muka fara mutuwa kafin manyan.

Sadik:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Har taya ma ana yi a nan da?

Baba Ɗanladi Kakuri:
Ƙwarai kuwa ɗana. Michelin na da masana'anta a Fatakwal, ta rufe a 2007. Dunlop ta daina yin taya a Ikeja a 2008. Matsalar wutar lantarki da tayoyin waje masu arha suka kore su. Itacen roba yana nan a Edo da Delta da Kuros Riba, ana tatsa ana fitar da ita waje, mu kuma mu sayo taya da dala.

Alhaji Nura Ƙofar Ruwa:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ni ban yarda mu zauna jiran a dawo da zamanin 504 ba. Kasuwar kayan mota a Najeriya ba ta sabuwar mota ba ce, ta tsohuwa ce. Motocin da ke kan titi yanzu, kowacce tana cin takalmin birki, da filta, da fanbel, da roba-robar ƙafa, da batir, da salansa, ko an haɗa sabuwa ko ba a haɗa ba. Ku zo kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ku ga abin da ke fita a yini ɗaya.

Kuma mutanen Nnewi a jihar Anambra ba su jira kowa ba. 'Yan kasuwa ne irinmu, a kasuwar Nkwo suke sayar da kayan mota da na babur. Suna zuwa Taiwan sayayya, har suka san masana'antun da ke yi musu kayan. Da dala ta yi wuya a shekarun 1980, sai suka sayo injinan kansu, suka zo da mutanen can suka koya wa yaransu. Cletus Ibeto da shigo da kaya ya fara, kafin ƙarshen shekarun nan yana yin batir da kayan roba na mota a garinsu. Innocent Chukwuma yaron shago ne a farko, ya koma shigo da babur a wargaje yana haɗawa, yana yin robobinsa a gida, sai a 2010 aka buɗe masa kamfanin motoci na Innoson. Ku lura, daga shago suka tafi masana'anta. Sun riga sun san abin da ke tafiya da wanda ke kwana a kanta, kuma suna da masu saye a hannu tun daga Legas har Maiduguri.

Injiniya Bashir:
Alhaji, akwai inda maganarka ke da matsala. Motocin da ke titinmu iri nawa ne? Toyota kaɗai ka ƙirga Corolla da Camry da Hiace da Hilux, kowacce da shekarunta daban, ga Honda, ga Golf, ga Sharon, ga tsofaffin Marsandi. Kowane ƙaramin abu na roba ko na alminiyon yana buƙatar mazubinsa na ƙarfe, kuma mazubi ɗaya miliyoyi ne. In ba za ka zuba dubbai da shi ba, ba ka mai da kuɗinka ba. Mutumin Chana yana yi wa duniya gaba ɗaya, shi ya sa nasa ke zuwa da arha ko bayan kuɗin jirgi da kwastan.

Alhaji Nura Ƙofar Ruwa:
To wa ya ce a fara da Camry? Leƙa titi ka ƙirga A Daidaita Sahu. Kusan duka Bajaj ne ko TVS. Babur kuma Boxer ya cika ƙauyuka. Iri biyu ko uku, adadi kuwa ba iyaka, kuma kullum suna kan hanya suna cinye kaya. Rumfar keken, da kujerarsa, da madogarar ƙafa, da wayar birki da ta kuloci, da murfin taya, da marfin fitila, wanne ne ya gagari Sharaɗa da Bompai? Kamfanonin roba da ke yin bokiti da kujera a Kano injin iri ɗaya ne, mazubin kawai za a canza.

Injiniya Bashir:
Wannan kam na karɓa. A keke da babur lissafin yana fita.

Hajiya Rabi:
Sannunku. Bari in shigo ta rabin tambayar da ba a taɓa ba, wato wa za a ɗauka. Ni aikina ke nan, ɗaukar ma'aikata a wani kamfanin roba, kuma muna yin wasu 'yan kayan babur. Mutane na tsammanin in aka buɗe masana'anta matsalar ita ce masu neman aiki sun yi yawa. Sun yi yawa a bakin ƙofa, gaskiya ne. Amma akwai guraben da za ka yi wata da watanni kana nema ba ka samu ba.

Mai tsayawa gaban inji yana cire kaya yana yanke gefe, cikin mako biyu an koya masa. Wanda ba ya samuwa shi ne mai gyaran mazubi, wanda in ya tsage ko ya ci, zai iya cike shi ya feƙe shi ya dawo daidai. Sai mai wutar inji, ba mai wayarin gida ba, wanda zai buɗe akwatin sarrafa injin ya bi zanen wayoyi ya gano abin da ya ƙone. Sai mai duba inganci. Waɗannan ukun su ke sa kamfanoni ɗauko mutum daga Legas ko daga Indiya, a ba shi gida da mota, albashinsa shi kaɗai ya biya leburori da yawa.

Jarrabawar da nake yi ba ta da wuya. Ina ajiye ma'aunin kauri da guntun ƙarfe da takardar zane a tebur, in ce auna min wannan, ka gaya min ko ya yi daidai da abin da aka zana. Wallahi masu babbar difloma da yawa a nan suke tsayawa. Ba laifinsu ba ne, ba su taɓa riƙe ma'aunin ba, a allo aka zana musu shi.

Sadik:
Hajiya, ki yi haƙuri, amma ku ma masu ɗaukar aikin kuna da naku. Ni babbar difloma nake da ita a fannin injiniyan inji. Duk tallar aikin da ka gani sai an ce ana son mai gogewar shekara uku ko biyar. A ina zan samo ta in ba wanda ya ɗauke ni? Inda na samu shiga kuma, wani kamfani ne da ba shi ya ɗauke mu ba, ɗan kwangila ne ya kawo mu. Ba takardar ɗauka, ba fansho, in ka yi rashin lafiya an yanke kuɗin ranar. Aikin sa'a goma sha biyu ne a tsaye. Wani abokin aikinmu inji ya cinye masa yatsu biyu, aka biya kuɗin asibiti aka sallame shi. Gurbi mai kyau kuma in ya fito, kafin ka ji labari an ba ɗan wani.

Hajiya Rabi:
Ba zan musa maka ba Sadik, ana yin haka, kuma ba daidai ba ne. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa kamfani ya riƙa zuba kaso a asusun inshorar ma'aikata na NSITF saboda irin abin da ya samu abokinka, kuma mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Amma ka san me ke sa kamfani gudun ɗaukar ma'aikaci na dindindin? Abin da Baba ya faɗa ne. In ban san ko za a sayi kayana bayan wata uku ba, ba zan ɗaura wa kaina albashin mutum ɗari ba, sai in kira ɗan kwangila in ce kawo min talatin na wata biyu. Shi kuma wanda aka kawo na wata biyu ba mai ɓata lokaci ya koya masa gyaran mazubi. Haka muke ta zagaye, muna kukan ba ƙwararru, mu ne kuma ba mu yin su.

Zancen ɗan wani kuwa, a ofis yana tasiri. A gaban injin da ya tsaya, kamfani na asarar kuɗi kowace sa'a, ba mai tambayar ɗan waye kai.

Oga Sale Panteka:
Ina ta karantawa ina dariya, ana ta neman ƙwararru kamar ba mu nan. Ku zo kasuwar Panteka a Tudun Wadar Kaduna. Muna zuba alminiyon, muna feƙe ƙarfe, muna yin salansa, muna yin bodin tirela, muna gyara abin da aka ce sai an aiko daga waje. Yaran da suka fita daga hannuna suna da shagunansu har a Zariya da Funtuwa. Ba wanda ya nemi takarda a wurinsu kafin su fara, uba ne ke kawo ɗansa ya ce ga amana.

Injiniya Bashir:
Oga Sale, ba mai raina hannunku. Amma in na ce ka yi min abu ɗaya guda dubu, na farko da na ƙarshe su zama ba bambancin da ya kai kaurin gashi, za ka iya?

Oga Sale Panteka:
Da injin da nake da shi yanzu, a'a. Injina ya girme ni, kuma da ido da hannu muke aiki. Amma ba ilimin ne babu ba, kayan aikin ne. Ka ba ni injin da kwamfuta ke sarrafawa da wutar da ba ta ɗaukewa, ka ba ni yaro irin Sadik da ya iya zane a kwamfuta, ka ga aiki. Shi bai taɓa riƙe ƙarfe mai zafi ba, nawa yaran ba su iya karanta zane ba. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna ta fara jawo mu jiki, kuma hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE ta fito da shaidar ƙwarewa ta NSQ, wadda ake gwada mutum a kan abin da hannunsa ya iya a ba shi takarda. Sai dai kamfanoni da yawa har yanzu in yaro ya kai ta sai su tsaya suna jujjuya ta.

Wuta kuwa kar a fara. Tun da aka kai layin Band A, wato wanda ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, mai narka ƙarfe da lantarki ya shiga uku. In ka koma janareta, man dizal ya cinye ribar.

Baba Ɗanladi Kakuri:
Ga kuma ƙarfen kansa. Tun 1979 ake gina kamfanin ƙarfe na Ajaokuta. Falankin ƙarfen da ake buga bodi da shi duk daga waje yake zuwa. Abin da 'yan bola jari ke tarawa, rodin gini ake yi da shi.

Abdul Kumasi:
Gaisuwa daga Zangon Kumasi. Mu ma nan muna da irin Panteka, ana ce mata Suame Magazine, gari guda ne na makanikai da masu walda da masu zubi da masu sayar da kayan mota, kuma yaran Zango da yawa can suke koyon aiki. Gwamnatin Gana ta jawo Volkswagen suka fara haɗa mota a Ankara, babban birnin ƙasar, a 2020, Toyota kuma a Tema a 2021. An yi doka a 2020 ta hana shigo da motar da ta wuce shekara goma da wadda ta yi hatsari, masu sayar da tsofaffin motoci suka tayar da ƙura, aka dakatar da aiwatar da ita. Mutumin Suame dai bai ga odar ko kusa ɗaya daga sababbin kamfanonin ba. Abin da ma ya fi damun iyayen gidanmu yanzu shi ne motocin zamani masu kwamfuta, wanda bai iya na'urar bincike ba aiki na ƙwace masa.

Injiniya Bashir:
Malam Abdul, labarin ɗaya ne ashe. Mu ma a 2013 aka fito da tsarin bunƙasa masana'antar motoci, aka ɗora harajin kashi 35 da ƙarin wani kashi 35 a kan motar da aka shigo da ita a haɗe, don a tilasta wa kamfanoni su zo su yi a nan. Aka raba lasisin haɗa mota da yawa. Ƙudirin da zai mai da tsarin doka, shugaban ƙasa bai sa masa hannu ba a 2019. Sai dokar kuɗi ta 2020 ta sauke wancan ƙarin zuwa kashi 5. Wanda ya ci bashin banki ya kafa inji saboda alkawarin farko fa? A 2023 an sake fito da sabon tsari mai burin kashi 40 na kayan mota su zama na gida. Mai kuɗi zai duba abin da ya faru da na baya kafin ya saki ko sisi.

Ku dubi Maroko. Renault ta buɗe masana'anta a Tanja a 2012, Peugeot ta buɗe a Kenitra a 2019. Amma mutanen da ke cin abinci a harkar, waɗanda sun haura 200,000, mafi yawansu ba a waɗannan biyun suke ba. Suna kamfanonin da suka biyo su, irin su Yazaki da Sumitomo masu naɗa wayoyin mota, da masu kujeru da gilashi. Gwamnatinsu ta gina tashar jiragen ruwa ta Tanja, ta kafa cibiyoyin horo na musamman don harkar mota, kuma ba ta canza magana duk bayan shekara biyu.

Alhaji Nura Ƙofar Ruwa:
Injiniya, Maroko tana kallon Sifen ta tsallaken ruwa, Turai take sayar wa. Mu wa za mu sayar wa? Kuma ni fa ban goyi bayan a sake lafta haraji a kan tokumbo ba. Malamin makaranta da ke tara kuɗi shekara da shekaru ya sayi tsohuwar Corolla, shi za a hukunta don wani ya ɗaura taya a kan motar da aka gama a Chana? An hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa tun farkon 2017, me ya canza ban da kuɗin da ake kashewa a hanya? In gwamnati da gaske take, ta fara da kanta. Tun 2017 akwai umarnin shugaban ƙasa cewa ma'aikatu su fifita kayan gida, amma a 2023 'yan majalisa manyan motocin waje suka saya wa kansu. Motocin 'yan sanda da na asibitoci da bas-bas na jihohi kaɗai sun isa su riƙe masana'antar batir da ta kujeru da ta filta, in aka ce dole kayan su zama na nan kuma aka biya a kan lokaci.

Hajiya Rabi:
Naɗa wayoyin da Injiniya ya ambata ya ja hankalina, don aiki ne na hannu da natsuwa, inji bai iya shi sosai ba, kuma a Maroko mata ne da yawa ke yin sa. Haka ɗinkin rigar kujera. Muna da 'yan mata da suka gama sakandare suna zaune, ga teloli mata a kowace unguwa, ga fatar da ake jemewa a Challawa ana fitarwa waje. In za a ware musu ɓangarensu, aikin rana, da motar kai su da dawo da su, iyaye da mazaje za su bari. Na gwada a ɓangaren shirya kaya, kuma kayan da ake dawo mana da su saboda kuskure sun ragu.

Abu ɗaya da zan roƙa, duk mai tura yaro aikin batir ya bincika wurin tukuna. Dalmar da ke cikin batir ba ta da wasa, mun ga abin da ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Wurin da ake fasa tsohon batir da gatari ba safar hannu ba abin rufe hanci, ba aiki ba ne.

Sadik:
To Hajiya, ni yanzu me zan yi? In ci gaba da aika takardu?

Hajiya Rabi:
Ka aika, amma kar ka zauna jiransu. Ka samu wuri irin na Oga Sale ka yi wata shida hannunka na taɓa ƙarfe, ka iya injin feƙewa, ka iya awo har ya zama ba ka tunani. Ka haɗa da zanen kwamfutar da ka riga ka iya. Ka kuma leƙa wuraren da ake mai da mota ta koma amfani da gas, tun bayan cire tallafin mai a 2023 suna neman hannu. Tukunyar gas ɗin daga waje take zuwa, amma ƙarfen da ke riƙe ta a cikin but, a nan ake yin sa, kuma kowace mota da irin nata. Ranar da ka zo wurina da abin da ka zana ka kuma ƙera da kanka, ba zan tambaye ka shekara uku ba.

Oga Sale Panteka:
Ya zo. Amma ya sani ba kujera a wurina, kuma da shara ake farawa ko da digiri ka zo. Alhaji Nura, kai kuma da ka ce keke, wane abu ne ya fi fita a shagonka wanda ba ya buƙatar mazubin miliyoyi?

Alhaji Nura Ƙofar Ruwa:
Madogarar ƙafa da ƙarfen da ke riƙe salansa. Na Indiya nake sayarwa, kuma duk sanda dala ta motsa sai sun tashi. Zan ba direba guda ɗaya-ɗaya ya kawo maka gobe in Allah ya kai mu. Ka yi min hamsin-hamsin. Zan raba wa makanikai uku a Kano ba tare da na gaya musu daga ina suke ba. In sun shiga ramin kusoshinsu ba a sa guduma ba, sai mu zauna mu yi maganar farashi.

Oga Sale Panteka:
Ka haɗo da kuɗin ƙarfe, Alhaji. Sadik, ranar Asabar da safe, ka zo da ma'auninka.